Yadda Ake Tsayar da 'Yar Teku da Ruwan Rami

Idan ka bi matakan nan guda tara ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari: yarinyar da kake so, wadda ta ga tekun arewa da murjaninsa da kifayensa masu launi kala-kala, za ta shiga koren ruwan ramin garinku ta fito ta fasa tafiya. Wannan hanya ba ta taɓa ba da kunya ba. Gaskiya sau ɗaya aka taɓa gwada ta, amma dai ba ta ba da kunya ba.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba. Zurfin da na sani mita goma sha huɗu ne, wato ƙasan Rami, tsohon wurin fasa dutse da ke bayan filin ƙwallo a nan Birrawong, wanda ruwa ya cika tun ba a haife ni ba. Sana'ata kafa shingen waya a gonakin tumaki, ni da abokina Darcy Pengilly. A kansa aka gwada komai. Ya yarda in rubuta, sai dai ya ce kada in kawo zancen kuka. Ba zan kawo ba.

Ga yadda maganar take. Tegan Holzer 'yar garinmu ce, ajinsu ɗaya da Darcy tun suna ƙanana. Ta tafi arewa shekara huɗu tana koya wa baƙi nutso a teku. Ta zo hutun sati uku wajen mahaifiyarta, Anti Noelene, da takardar sabon aiki a jaka, kuma bas ɗin da zai mayar da ita zai tashi ranar Litinin ƙarfe bakwai na safe. Darcy ya daɗe yana son ta, bai taɓa buɗe baki ba. Bin ta arewa kuwa ba zai yiwu ba, saboda dalilin da za ka ji yanzu. Abin da ya rage masa a duniya shi ne Rami, da ranar Asabar.

Mataki na 1: Kada ka taɓa yarda cewa tsoron teku kake yi

Darcy sau ɗaya ya je teku, lokacin da makaranta ta kai mu. Ya yi amai tun ba a kwance igiyar jirgin ba. Daga baya malami ya nuna mana haƙoran kifin shak a cikin gilashi, Darcy ya koma bas ya zauna har aka tashi.

Wannan ba abin faɗa wa mace ba ne. Idan an tambaye ka, ka ɗan yamutsa fuska kamar wanda ya zaga duniya ya gaji, ka ce gishiri yana cin kaya. Ka ce teku na masu hutu ne. Mai ilimin ruwa na gaske, inda aka haife shi nan yake nutsewa.

Haka Darcy ya yi a barandar Anti Noelene. Tegan ta dube shi ta saman kofin shayi.

"Wai har yanzu kana shiga kududdufin nan?"

"Ba kududdufi ba ne, Tegan. Wurin nutso ne."

"To, malam gwani, me ake gani a ciki?"

"Abubuwa."

"Kamar me?"

Darcy ya yi tunani, don shi ba ya iya ƙarya mai tsawo. "Hannunka," in ji shi, "idan an yi sa'ar rana."

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ka lura: macen da ta yi maka dariya har ta sarƙe, rabin aiki ya ƙare. Ɗaya rabin ne mai wuya.

Mataki na 2: Ka san dukiyar raminku, ka raɗa wa kowace suna

Su a teku suna da jiragen da suka nutse. Mu muna da a-kori-kurar marigayi Clarrie, wadda ya manta bai ja mata burki ba shekara talatin da suka wuce, ta gangara cikin Rami. Kada ka ce mata mota. Ka ce "Jirgin Clarrie." Akwai tsohon injin wanki, sunansa "Ofis." Akwai gungumen itacen turare da ya kwanta a gicciye, sunansa "Gada." Idan ka ce wa baƙo za a bi ta Gada, a wuce Ofis, a sauka a Jirgi, sai ya ɗauka wani babban wuri za shi.

A cikin Jirgin kuwa, daidai mazaunin direba, akwai Kaka. Kifi ce, ta kai tsawon ƙaramin ɗan maraƙi, jikinta kore da ɗigo-ɗigo kamar tsohon bargo. Ba wanda ya san shekarunta. Ba wanda ke sa mata ƙugiya, wanda duk ya gwada zai bar garin.

Bari in faɗa maka wani abu ba da wasa ba, sannan mu koma wasa. Rami minti goma ne daga ƙofar gidana. Babu tikiti, babu layi, babu igiyar ruwa mai jijjiga hanji. Idan ka sauka mita uku, kukan fararen aku ya ɗauke, ƙarar injin sausayar tumaki ta ɗauke, abin da ya dame ka tun Litinin ma ya ɗauke. Sai hucin numfashinka kawai, da haske mai ruwan ganye yana saukowa a hankali. Idan ka fito ba gishiri a bakinka, sai ɗan ɗanɗanon ganye. Wannan shi ne abin da Darcy yake so Tegan ta gani, kuma ba shi da kalmomin faɗarsa.

Mataki na 3: Ka manta duk abin da malami ya koya maka

Mu ma mun yi kwas, shekara shida ke nan, a wurin ninƙayar gari. An koya mana maganar hannu: wannan yana nufin kaza, wancan yana nufin kaza. Muka ci jarrabawa, aka ba mu kati.

To amma maganar hannu sai in ana ganin hannun. A Rami, wata goma cikin sha biyu, abokin nutsonka wata inuwa ce mai fitar da kumfa. Don haka muka ƙirƙiro tamu. Igiya mai tsawon mita biyu, kai ka riƙe baki ɗaya, shi ya riƙe ɗaya. Ja ɗaya, ina nan. Ja biyu, zo ka gani. Ja uku, mu hau, na ji yunwa. Shekara shida muna haka, ba mu taɓa samun saɓani ba. Abin da malami ya koya mana kuwa ya bi ruwa.

Ilimin da ba a amfani da shi nauyi ne, kuma mai nutso ya riga ya ɗaura dalmar da ke nutsar da shi a ƙugu.

Mataki na 4: Ka zaɓi ranar da ruwa ya kwanta

Ka jira tsakiyar sanyi, wanda a ƙasarmu watan Yuli ne, bayan an yi wata guda ba a yi ruwan sama ba. Lokacin laka take kwanciya, ana ganin mita shida har bakwai. Ni na ba Darcy wannan shawara. Wasu sun ce ita ce ta jawo duk abin da ya faru, tunda ruwan da ake ganin kifi a cikinsa ana ganin hannu ma. Ban amsa wannan zargi ba.

Safiyar Asabar muka tsaya a bakin Rami, ciyawa duk raɓa ta daskare a kanta. Tegan ta sa rigar robarta mai kyau, irin ta 'yan arewa, ta duba tukunyar iskarta, ta duba ta Darcy sau biyu. Darcy ya miƙa mata bakin igiya.

"Mene ne wannan?"

"Ta magana ce."

"Ni tunkiya ce da za ka ja ni? Ajiye. Kana da hannu, ina da hannu."

Darcy ya waiwayo ya dube ni. Ni kuwa na duƙa ina gyara murhun gashi.

Mataki na 5: Ka jawo uwar yarinya ɓangarenka

Wannan bai yi wuya ba, don Anti Noelene ta riga mu shiga ɓangaren. Ita ta zo da flas biyu na shayi, da sosej na naman tunkiya, da albasa cike da leda. Sati uku tana ajiye wata sanarwa a kan firij, cewa ana neman wanda zai riƙe wurin ninƙayar gari ya koya wa yara. Tegan ta yi kamar ba ta iya karatu ba.

Da Tegan ta koma mota ɗauko takalman ninƙaya, Anti ta kamo hannun Darcy.

"Ɗana, ka faɗa mata kuwa?"

"Me fa, Anti?"

"Kai, kada ka mai da ni yarinya. Shekara nawa kana zuwa gyara mini shingen da ba abin da ya same shi?"

Kunnuwan Darcy suka yi ja. Ya zaro ɗan allon robar da masu nutso ke rubutu a kai, ya nuna mata a ɓoye. Tun asuba ya rubuta da fensir, manyan baƙaƙe: ZA KI ZAUNA?

Anti ta karanta, ta gyaɗa kai. "Ba laifi. Babanta ma bai kai haka ba."

Ga hikimar: ga mai kunya, babu wurin da ya kai ƙarƙashin ruwa. Kowa bakinsa a toshe yake, ba a gane wanda ya kasa magana.

Mataki na 6: Kada ka ɗaga babban yatsa

Wannan mataki ka karanta shi sau biyu.

Kai ma ka san yadda muke a Birrawong. Mota ta wuce, ka ɗaga mata babban yatsa. Mahauci ya ce ya gida, babban yatsa. Likita ya tambayi kawuna yadda yake ji bayan doki ya karya masa haƙarƙari uku, ya ɗaga yatsa. Da shi muke cewa sannu, da na gode, da madalla, da e. Wasu dattawan garin ba su yi cikakkiyar jimla ba tun ina yaro.

Suka nutse. A mita biyar ruwan ya buɗe, garau, irin wanda Darcy bai taɓa gani ba. Tegan ta juyo, ta haɗa babban yatsa da manuni suka yi zobe, wato tana tambaya ko lafiya. Darcy, farin ciki ya cika shi, ya ɗaga mata babban yatsa da dukan zuciyarsa.

Nan take ta kama shi a kafaɗa, ta haura da shi sama a hankali, idonta a cikin nasa.

"Me ya faru?" ta tambaya da suka ɓullo. "Kunne ne?"

"Ba komai."

"To me ya sa ka ce mu hau?"

"Ni? Yaushe?"

Ta ɗauka sanyi ne ya taɓa shi. Suka sake komawa. Wannan karon sun kusa kaiwa Gada, sai ga wata kififiya mai dogon wuya ta zo ta wuce ta gaban fuskar Tegan, tana tuƙi da ƙafafu kamar mai zuwa kasuwa. Tegan ta juyo ta dubi Darcy, idanunta sun buɗe. Me kake tsammani hannun Darcy ya yi?

Suka sake ɓullowa.

"Wai nutso kuke ko wanka?" in ji Anti Noelene daga bakin murhu. "Na ga kai yana fitowa kamar na agwagwa!"

Tegan ta tura gilashin nutsonta goshi. Muryar aiki ta fito mata, wadda take yi wa baƙi masu taurin kai.

"Darcy Pengilly, buɗe kunnenka. A ƙasa, zobe shi ne lafiya. Babban yatsa kuwa ma'anarsa ɗaya ce tak: an gama, mu tafi. Ba a tambaya, ba a gardama. Maimaita."

"An gama, mu tafi."

"Sai me?"

"Ba a tambaya, ba a gardama."

"Iskar da ta rage mana ta sauka ɗaya ce. Ka sake ɗaga shi, na tafi shan shayi."

Darcy ya iyo bakin ruwa ya miƙo mini hannunsa na dama. Na ɗauko baƙin tef ɗin da muke naɗe wayar lantarki, na ɗaure masa yatsan a jikin tafin hannu. Aboki ke nan.

Mataki na 7: Kada ka tayar da laka

Duk sirrin nutson rami a nan yake. A teku an ce ana iya fantsama yadda aka ga dama. A Rami, bugun ƙafa ɗaya na gaggawa ya isa ya mayar da rana dare. Sai ka tafi a hankali, gwiwa a lanƙwashe, kamar mai wucewa ta ɗakin da jariri ke barci. A nan ne Darcy ya fi kowa, don shi ko a tudu haka yake tafiya.

Ya shige gaba, Tegan na biye. Suka bi ta Gada, inda ƙananan kifaye suka taru a ƙarƙashin ɓawon itace. Suka wuce Ofis. Can ƙasa, a mita goma sha huɗu, a-kori-kurar Clarrie ta bayyana, tana zaune a kan tayoyinta kamar jiya aka ajiye ta, gansakuka ta lulluɓe ta, haske yana sauka a kan rufinta layi-layi.

Darcy ya tsaya a gefen tagar direba, ya matsa ya ba ta wuri.

Kaka tana gida. Tana shawagi a bayan sitiyari, bakinta yana buɗewa yana rufewa, ta juyo da ido ɗaya ta dubi baƙuwar, irin kallon da tsofaffin garinmu ke yi wa wanda ya daɗe bai zo gida ba. Tegan ta tsaya cik. Matar da ta yi iyo da manyan kifayen teku ta riƙe madubin motar Clarrie da yatsu biyu, ta kasa motsi. Darcy ya ce shi bai kalli kifin ba ko sau ɗaya. Kumfar numfashinta yake kallo, yadda ta rage sauri, ta rage, har ta zama ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na 8: Ka nuna allon

Ya zaro shi da hannun hagu, ya juya mata.

Ta karanta. Kalma uku ce, amma ta daɗe a kansu. Ta dubi Kaka. Ta ɗaga kai ta dubi hasken da ke sama. Ta dubi Darcy.

Sai ta ɗaga babban yatsa.

Darcy ya ce a lokacin ya ji sanyin ruwan, wanda bai ji ba tun safe. An gama, mu tafi. Ita da bakinta ta koya masa, ko rabin awa ba a yi ba. Ba a tambaya, ba a gardama. Ya mayar da allon aljihu, ya gyaɗa kai, ya fara hawa a hankali yadda doka ta ce. Tegan ta biyo shi.

A mita biyar dole mai nutso ya dakata minti uku kafin ya fito. Suka rataye a ruwa suna fuskantar juna. Ita sai lumshe ido take tana taɓa masa hannu, shi kuwa ya ɗauka lallashi ne, irin na wanda aka ba haƙuri. Gilashinsa ya cika da ruwa. Ya ce ta gefe ya shiga. Ni na duba gilashin daga baya, lafiyarsa ƙalau, amma na yi alkawari ba zan kawo wannan zance ba.

Suka ɓullo. Darcy ya cire abin bakinsa.

"Ba komai, Tegan. Na gode da kika zo. Ni zan kai ki tasha ranar Litinin."

"Wace tasha?"

"Ta bas mana."

"Kai, ruwa ya shige maka kai ne? Ba yanzu ka tambaye ni na ba ka amsa ba?"

"Kin ba ni. Kin ce an gama."

"Ni? Yaushe na..." Sai ta tsaya. Ta ɗago hannunta daga ruwa ta dube shi kamar na wani. "Wayyo ni."

"Ke kika ce a ƙasa ma'anarsa ɗaya ce tak."

"Na san abin da na ce! Shekara huɗu ina yi wa mutane faɗa a kan yatsan nan, ban taɓa kuskure ba ko sau ɗaya!" Ta watsa masa ruwa a fuska. "E nake nufi, sakarai! E irin ta gida! Hannun ne ya riga ni!"

Darcy ya buɗe baki, ruwan Rami ya shiga, ya yi ta tari. Anti Noelene ta juya sosej ba ta ko ɗago kai ba.

"Na gaya maka," ta ce mini. "Bakinta ne ya tafi arewa. Hannun yana nan inda na haife shi."

Darcy ya so ya nuna mana cewa komai ya yi daidai. Ya ɗago hannun dama sama, yatsa a ɗaure, ya zama kamar yana yi mana barazana da dunƙule.

Mataki na 9: Ka ci sosej, kada ka tsawaita bayani

Idan an ce maka e, ka rufe baki. Mutane da yawa sun yi magana har e ta koma a'a. Darcy ya ci sosej huɗu a cikin burodi, yana rawar sanyi a cikin bargon Anti, bai ce uffan ba. Tegan ce ta yi sharuɗɗa. Za ta karɓi wurin ninƙaya shekara ɗaya, a gani. Za ta sake koya mana maganar hannu, ni da shi, daga farko. Igiyarmu kuwa ta ba Anti ta yi shanya da ita.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne mai nauyi: lokacin Kirsimeti Darcy zai bi ta arewa sati ɗaya, ya shiga jirgi, ya shiga teku. Ashe ta san zancen aman tun ranar da aka yi shi, ita ce ma ta ba shi hankici. Yanzu duk Lahadi yana zaune a ƙaramin kwalekwale a tsakiyar Rami, ni ina girgiza shi daga gefe. Ya kai minti tara bai yi amai ba.

Ranar Litinin bas ya zo ƙarfe bakwai. Suka tsaya a bakin titi su biyu, ba jaka. Direba ya rage gudu, ya dube su, suka ɗaga masa yatsa, ya ɗaga musu, ya wuce. Kowa ya gane.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora mai kafa shinge ne, ba malamin nutso ba, ba kuma malamin soyayya ba. Kada ka shiga ruwa ba ka koya wajen masu koyarwa ba, kada ka shiga kai kaɗai, kuma mataki na uku Tegan ta ce in soke shi, na bar shi ne don lissafi ya cika tara. Babu ruwana da matsattsakun da zai kama maka idon sawu, ko sanyin da zai shige ka, ko gashin hannun da tef zai tuge. Idan ka je ka tarar Kaka ba ta gida, tsakaninku ne. Idan raminku ba shi da a-kori-kura, kada ka tura ta mahaifinka ka ce ni na sa ka. Idan kuma ka nuna allo aka ɗaga maka yatsa, kada ka zo wurina neman fassara. Ka hau a hankali, ka yi minti ukunka, ka cire abin bakinka, ka tambaye ta.